Mastar ko jari? Amsa ga ƙanenmu mai lisans ɗin aikin gona

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena, na ga tambayarka, kuma na ga amsoshin da aka fara ba ka: wasu sun ce ka tafi kawai, ilimi ba ya yawa, wasu sun ce takarda ta daina aiki a ƙasar nan. Ka ce ka gama lisans a fannin aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ka yi sarbis sibik ɗinka, wato bautar ƙasa, na shekara biyu ka ƙare, yau kana gida ba aiki, sai kawunka ya ba ka zaɓi: ko ya biya maka mastar, ko ya damƙa maka kuɗin ka ja jari. Abin da kake son sani shi ne ko mastar za ta sa ka samu aiki.

Ga abin da na gani da idona. Mastar ba kasafai take ba mutum aikinsa na farko ba. Inda take da ƙarfi shi ne wajen ɗaga wanda ya riga ya sa ƙafa cikin aiki, ya san abin da ya rage masa. Kai da ka karanta gona za ka fi kowa gane wannan: kamar taki ce, in an zuba ta inda shuka ta riga ta tsiro sai a ga yabanya, in an watsa ta a fili ba iri a ƙasa, kuɗi ne aka zubar.

Ni a Yamai na yi karatu, a Jami'ar Abdou Moumouni, lokacin da ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a duk Nijar. Na koyar a kwantiragi a wani kolej na karkara, daga nan wata porje ta ɗauke ni ina zagaya ƙauyuka ina ɗaukar bayanai wurin manoma, sai daga baya na koma na yi mastar ina da iyali. Yanzu aikina bin diddigin ayyukan porje da auna sakamakonsu a wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma in za a ɗauki ma'aikata akan sa ni cikin masu tantance dosiyoyi. Daga wannan kujera nake maka magana.

Ka fara da sanin abin da ya canja. A zamaninmu in ka yi lisans sai ka ƙara shekara ɗaya ka samu metiriz, wanda ke son ya wuce nan ya yi DEA ko DESS, galibi a waje. Tsarin LMD ya zo ya mayar da abin lisans shekara uku, mastar shekara biyu, dokta shekara uku. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maradi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, ga makarantu masu zaman kansu da suka cika Yamai da nan Maradi. Wannan alheri ne, ɗan talaka daga Dakwaro ko Mayahi yana iya yin jami'a kusa da gida. Amma masu takarda sun yi yawa, guraben aiki ba su ƙaru yadda suka ƙaru ba. Da lisans ta cika gari sai kowa ya ruga mastar don ya bambanta da saura, yanzu ita ma mastar ta fara cika gari. In aka sa sanarwar gurbi guda na mai kula da aikin gona a wata porje, dosiyoyin da ke zuwa sai an sa su a kwali, kuma masu mastar a ciki ba su ƙirguwa da yatsu.

To, me muke dubawa in mun zauna? Abu na farko, sharaɗin da aka rubuta a sanarwa. In an ce bak da shekara biyar, wato shekara biyar na karatu bayan gama sakandare, matakin mastar ke nan, mai lisans ya fita tun kafin a karanta sunansa, ko da ya fi kowa iya aikin. Nan mastar tana da amfani, ba wanda zai musa. Sai dai irin wannan gurbi, na shugaban porje ko mai tsara ayyuka, kusan kullum yana zuwa da sharaɗi na biyu: shekara uku ko biyar na aiki a fili. Wanda ya fito daga lisans ya zarce mastar bai taɓa aiki ba, ya cika na farko ya faɗi a na biyu. Guraben da ake ɗaukar sabon shiga kuwa, mai wayar da kan manoma, mai ɗaukar bayanai, mai kula da ƙauyuka goma ko ashirin a kan babur, waɗannan lisans ta isa, wani lokaci ma ƙasa da ita. Kuma zan gaya maka abin da ba a faɗa a fili: in mai mastar ya nemi irin wannan ƙaramin gurbi, akwai masu tantancewa da ke ja da baya, su ce wannan ba zai zauna ba, da ya samu wani wuri zai tafi. Sai yaro ya tsinci kansa a tsakiya, ya fi ƙarfin ƙaramin aiki a takarda, bai kai babba ba a gogewa. Na ga matasa masu ƙwazo sun maƙale a nan shekaru, kuma abin yana ci mini rai, domin iyayensu sun sayar da dabbobi ko gona kafin a kai ga wannan takarda.

Ranar ganawa da masu neman aiki kuwa, tambayoyin ba na aji ba ne. Za a ce maka ga ƙauye a Gidan Rumji, an raba iri, damina ta yi tsakiya, rabin manoman ba su shuka shi ba, me za ka yi? Wanda ya taɓa zama a gindin bishiya da maigari da manoma yana da amsa: watakila irin ya zo a makare, watakila an ci shi saboda rumbu ya ƙare, watakila matan da ke da gamana, wato ƴar gonarsu ta kansu, ba a tambaye su ba. Wanda bai taɓa ba sai ya karanto abin da ke cikin littafi. Cikin minti biyar an gane bambancin.

Kada kuma ka ɗora duk burinka a kan porje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da yawa sun dakatar da kuɗinsu, a farkon 2025 kuma gwamnatin Amurka ta tsayar da ayyukan USAID, hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje. Abokan aikina da dama, masu mastar da shekara goma na gogewa, sun koma gida a wannan tsakani. Su ne yanzu za ka yi takara da su a kan gurbi ɗaya.

Aikin gwamnati lissafinsa daban ne, kuma a nan takarda tana da nauyi sosai. Da difilom ake sa mutum a rukuni: mai bak da shekara biyar yana shiga A1, mai lisans yana ƙasa da shi, kuma bambancin yana bin ka a albashi, a muƙamin da za a iya ba ka, har zuwa fansho. In nufinka aikin gwamnati ne har ritaya, ko ba jima ko ba daɗe za ka buƙaci mastar. Amma shiga ita ce wahalar, konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, ba ya zuwa kullum, kuma yana da iyakar shekarun haihuwa, don haka duk wanda aka buɗe da lisans ka shiga, kada ka ce sai ka gama mastar. Ga masu aikin gwamnati da ke karanta wannan, ku nemi takardar izinin tafiya ƙarin karatu daga ma'aikatarku kafin ku fara. Na san waɗanda suka yi mastar da dare da kuɗin aljihunsu ba tare da wannan izini ba, suka dawo da takarda mai kyau, aka yi ta kai da kawowa kafin a canja musu rukuni, wasu har yau suna jira.

Akwai mutum guda da zan ce masa ya zarce yanzu ba tare da tsayawa ba: wanda ya fita da sakamako mai kyau, malamansa sun san shi, kuma zuciyarsa tana wajen bincike ko koyarwa a jami'a. Wannan hanya ba ta da wata ƙofa sai mastar ta bincike, sannan dokta, sannan hawa matakan CAMES, majalisar da ke tantance malaman jami'a da difilomomi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. In kai ne wannan, Maradi wuri ne mai kyau gare ka. Cibiyar INRAN, hukumar binciken aikin gona ta ƙasa, tana nan Tarna. A yankin nan aka yi aikin sakin ƙwaron da ke kashe tsutsar zangarniyar hatsi, a nan aka gwada buhun PICS mai ruɓi uku da ke ajiye wake ba magani, kuma sassaben zamani, wato barin kututturen itatuwa su sake toho a gona, daga ƙauyukan Maradi ya bazu tun shekarun 1980 har duniya ta san shi. Akwai abin bincike, akwai malamai masu haɗin gwiwa da waje. Sai dai ka shiga da sanin cewa tafiya ce ta aƙalla shekara biyar, mafi yawanta ba albashi. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko son binciken ne ke jan ka, ko zaman gida ne ya ishe ka kake neman inda za ka fake. Ba laifi ba ne mutum ya gaji da zaman fada da shan shayi, da tambayar da ake masa kullum a gida, to yaya maganar aiki? Na san nauyin wannan tambaya. Amma shekara biyu da kuɗin kawu sun yi tsada a matsayin mafaka.

Mu yi lissafin kuɗin. Mutane suna ƙirga kuɗin rajista kawai su tsaya. Ka ƙara haya in Yamai za ka, da abinci, da mota zuwa da dawowa, da kwamfuta, da kuɗin zuwa fili don memwar, wato rubutun binciken ƙarshen karatu, wanda in ba porje ta ɗauki nauyinsa ba daga aljihunka zai fito. Sannan ka ƙara abin da za ka rasa. Mafi ƙarancin albashi a doka tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Ko da wannan kaɗai za ka samu, a wata 24 ya haura miliyan ɗaya na sefa. Kuma shekara biyun a takarda take. A jami'o'inmu na gwamnati, tsakanin yajin aikin malamai da na ɗalibai da shekarun karatu da ke hawa kan juna, da jiran malami ya samu lokacin karanta memwar ɗinka, biyu tana iya zama uku. Masu cewa a tsallaka Katsina ko Kano ko Zariya, gaskiya ne akwai jami'o'i masu ƙarfi a fannin noma, kamar Bayero da Ahmadu Bello, kuma faɗuwar naira ta sa mai sefa yana samun sauƙi. Za ka kuma dawo da Ingilishi, wanda shi kaɗai ma riba ne. Amma can ma a 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki, kuma in ka dawo sai ka bi layin neman a daidaita takardarka da tamu a ma'aikatar ilimi mai zurfi.

Wannan ya kawo ni inda na fi jin tsoro a kanka, wato zaɓen makaranta. Ba kowace takarda da aka rubuta mastar a kanta ce mastar ba. Wani ɗan unguwarmu ya biya wata makaranta mai zaman kanta shekara biyu, ana karatu Asabar da Lahadi, aka yi biki aka sa riga aka ɗauki hoto. Da ya kai dosiye konkur aka mayar masa, wai ba a amince da wannan fanni na makarantar ba. Izinin buɗe makaranta daban, amincewa da kowane difilom da take bayarwa daban. Kafin ka biya ko dala, ka nemi a nuna maka takardar amincewar gwamnati a kan ainihin fannin da za ka karanta, ka duba ko CAMES ta san da shi, sannan ka nemi mutum uku da suka gama can ka ji inda suke yau. In makarantar ta kasa haɗa ka da ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Zuwa da kai ya fi saƙo, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a allon talla ko a Facebook.

In an tabbatar da makaranta, abin da ya rage shi ne malamin da zai duba ka da batun memwar. Ni abin da ya amfane ni a mastar ba darussan aji ba ne. Na shiga ina da tambaya da na ɗauko daga fili: me ya sa manoma ke karɓar sabon iri shekara ɗaya, shekara ta biyu su koma nasu na gado? Saboda ina da wannan tambaya, darasin ƙididdiga da wasu ke haddacewa don jarrabawa ni kayan aiki ne a wurina, ina fita aji ina gwada shi a kan bayanan da na tara. Malamina yana da porje, ya sa ni a ciki, ya biya kuɗin fili, kuma ta hanyar mutanen da na sani a wannan aiki na ji labarin gurbin da nake kai yanzu. Abokan ajinmu da suka zo kai tsaye daga lisans sun fi ni kaifin ƙwaƙwalwa, sun fi ni maki, amma da yawansu sun karɓi duk batun da aka miƙa musu, suka rubuta, aka ajiye a kanta. Don haka ka nemi malami mai aiki a hannu, wanda ɗalibansa ke gamawa a kan lokaci. Ɗaliban da ke gabanka sun san su, ka tambaye su.

Maganar bursu, wato tallafin karatu, ka bi ta da gaske kafin ka taɓa kuɗin kawu. Ka riƙa leƙa sanarwar ANAB, hukumar da ke kula da bursu, akwai guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Sin ke bayarwa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yin mastar a fannonin da suka shafi yanayi da noma, 2iE a Wagadugu tana yin ta ruwa da muhalli. Hanyar Faransa da yayyenmu suka bi ta yi wuya tun 2023. Mastar da wani ya biya maka, lissafinta ya sha bamban da wadda aka sayar da shanu aka biya.

Jari kuma, kada masu cewa takarda ta mutu su ruɗe ka. Garin nan na Alhazai ne, kowa ya san wanda bai yi lakwal ba ya gina benaye, amma waɗannan sun fara ne suna yara a shagon ubangida, sun yi shekaru suna koyon awo da bashi da halin mutane. Kai ba ka yi wannan makarantar ba. Kasuwa tana cin jarin sabon shiga da sauri, kuma ka ga yadda rufe iyakarmu da Najeriya ta Ɗan Isa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ya durƙusar da waɗanda suka fi ka ƙarfi. In za ka ja jari, ka ja shi inda lisans ɗinka ta ba ka fifiko a kan saura: noman iri ingantacce na hatsi da wake da gujiya, shagon taki da maganin ƙwari inda manomi zai samu shawara ta gaskiya tare da kaya, ajiyar wake a buhun PICS daga kaka zuwa bazara, noman rani a Gulbi, kiwon jar akuya, ko harkar aya da ake fita da ita. A nan ka san abin da ɗan kasuwa na gefenka bai sani ba.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Zan je in gaida kawu in yi masa godiya sosai, domin ba kowa ke da mai yi masa wannan tayi ba, in roƙe shi ya ba ni shekara guda kafin in yanke. Zan karɓi kaɗan daga kuɗin, abin da zai sayi kwamfuta mai kyau ya kuma yi ƙaramin gwaji a gona ko a ajiyar wake, saura ya zauna a hannunsa. A cikin shekarar, duk aikin fili da ya samu zan karɓa, ko na sati biyu ne na ɗaukar bayanai, ko sitaj ba biya a Tarna ko a ofishin aikin gona na jiha, in kuma tabbatar an ba ni takardar shaida kowane lokaci, domin waɗannan ƙananan takardu su ne ake ƙirgawa a matsayin gogewa. Zan yi rajista a ANPE, hukumar da ke kula da masu neman aiki. Zan koyi Excel har in iya shi da gaske, da KoboCollect da ake ɗaukar bayanai da shi a waya, da QGIS na taswira, in kuma dage da Ingilishi da rubuta rahoto da Faransanci mai tsabta. Wallahi rashin iya rubuta rahoto na shafi biyu ya kayar da masu mastar da yawa a gabana. Lasisin tuƙin babur ma ka nema, sanarwa da yawa suna sa shi a sharaɗi.

Sannan ka buɗe littafi guda. Duk sanarwar aiki da ka gani a fanninka, ka rubuta sunan gurbin, takardar da aka nema, shekarun gogewa, da abin da aka ce mutum ya iya. Bayan wata shida ka zauna ka duba. In guraben da ranka ke so duk suna cewa bak da shekara biyar, kuma fanni ɗaya yana ta dawowa, ko kare tsirrai, ko ban ruwa, ko tattalin arzikin karkara, ko abinci mai gina jiki, to ka san wace mastar za ka yi da dalilin yin ta, kuma lokacin da za ka koma wurin kawu da hujja za ka je. In kuwa ka ga lisans da gogewa suke nema, ka ci gaba da aiki, mastar ba ta gudu, ana yin ta da shekara talatin da biyar.

Ƙannena mata da ke cikin wannan zaure, ku naku lissafin yana da ƙari. Na ga da yawa da suka ce sai bayan aure, ɗawainiyar gida ta zo ta rufe maganar. Wadda ta samu dama da goyon bayan gida yanzu, kuma ta tabbatar da ingancin makarantar, ba zan ce mata ta jira ba. Wadda ke gab da aure, a yi maganar karatun a fili tsakanin manya tun kafin a ɗaura.

Ƙanena, ba ka faɗa mana sakamakon da ka fita da shi ba, da batun da ka yi aikin ƙarshen lisans a kai, da inda ka yi sarbis sibik. Ka rubuto su, domin in a ma'aikatar gona ka yi shi, wannan shekara biyun gogewa ce da ya kamata ta fito a sahun gaba a CV ɗinka, kuma yawancin matasa a layi ɗaya suke ambatonta a can ƙasa. Ka turo mini CV ɗin ta akwatin saƙo in duba maka shi. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri, Ya saka wa kawunka.